Fankokin Kawu

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka a wannan daji da kuke haƙar ƙasa, inda ko waya ba ta shiga. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta dama ta sake tashi, jinina kuma yana hawa yana sauka yadda ya ga dama. Ta'aziyyarka ta iso ta hannun direban motar kayan abincinku. Na san ba su ba ka izinin tahowa ba, ban riƙe ka a rai ba. Allah ya jiƙan maigidana, Kawunka, ya sa ya huta.

Bayan haka, na buɗe shago. Zaman ɗaki ya ishe ni, kuka kuma ba ya cika tukunya. Ka san dama ni ke buga rubutu da tsara takardu, shi kuma yana gyara. Yanzu teburin gyaran na lulluɓe shi da zane, ina nawa aikin a kan baƙar kwamfutar nan da ya harhaɗa da hannunsa a watannin da yake jinya. Ba ka gan ta ba. Guntu-guntu ya riƙa sayo kayanta, yau wannan gobe wancan, har ta tashi.

To ga matsala. Shugabar wata makaranta ta ba ni aikin mujallarsu da bidiyon bikin yaye ɗalibai, aiki mafi girma da ya shigo tun rasuwarsa. In ina buga rubutu kawai, kwamfutar lafiya lau. Da na ɗora mata bidiyo sai ta hau gurnani, samanta ya yi zafi, can sai ta mutu fit, ko sallama babu. Sai na bar ta ta huce kafin ta yarda ta tashi.

Akwai kuma wani filash da ya ɗaure a jikin makullin shago. Ya ce mini ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, amma rabi kawai take gani, sai an sabunta mata wani abu wai shi bayos, kuma sabon yana cikin filash ɗin. Ya ce in ya ji sauƙi zai yi. Bai ji sauƙin ba.

Na buɗe murfin gefe na ɗauki hoton cikinta, na buga a takarda, ga shi nan haɗe da wannan wasiƙa. Duk da kakanka da mahaifina ne 'yan'uwa, a gidan nan ka yi wayo, a shagon nan kuma Kawunka ya koya maka riƙe sukudireba, saboda haka ba zan kai ta wurin bare ba kana raye. Ka faɗa mini yadda ake sa bayos ɗin, ni zan yi da kaina. Kada ka cika mini takarda da kalmominku na masu gyara, ka yi mini Hausa.

Ka riƙa cin abinci, na ji direba ya ce ka zama kamar sanda.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da ladabi, ya ƙarin haƙuri? Ya jikin kuma? Don Allah ki daina tsayuwa da yawa a kan gwiwar nan. Ni lafiyata ƙalau, direba ne dai bakinsa ba ya gajiya. Na ji daɗi ƙwarai da kika buɗe shago.

Gwaggo, kafin komai, kada ki sa filash ɗin nan tukuna. Bayos shi ne ɗan ƙaramin tsarin da ke zaune a jikin babban allon ciki, wanda muke ce wa bod. Shi ke tashin kwamfuta tun kafin komai ya bayyana a sikirin. Lokacin da ake sabunta shi, goge tsohon ake yi ana rubuta sabo. In ta mutu a tsakiyar wannan aiki, tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba, bod ɗin kan iya zama gawa. Inji mai mutuwa don zafi ba a yi masa wannan aiki. Garin neman gira kada a rasa ido.

Zafin kuwa na ga dalilinsa a hoton. Ki duba fankoki biyun da ke gaba, da guda ɗaya da ke baya. Aikin na gaba su jawo iska mai sanyi daga waje, ta ratsa kayan ciki, ta bayan ta fitar da mai zafin. Kowace fanka tana da fuska biyu. Fuskar da ke da sanduna a gicciye da takardar kamfani a tsakiya, ta nan iska ke fita. A hotonki, na gaban duka biyu sun ba cikin akwatin baya, waje suke hurawa. Ta bayan ma waje take hurawa. Kowa fitarwa yake yi, babu mai shigarwa, ina za ta samu numfashi? Ki gwada da kanki. Ki yagi 'yar siririyar takarda ki riƙe a gaban akwatin tana kunne. In takardar ta manne, to daidai ne. In ta ture ta, maganata ce.

Gaskiya Gwaggo, wanda ya ɗaura fankokin nan, ko dai bai san aiki ba, ko kuma ba ya cikin hayyacinsa. Wa kika bari ya taɓa ta? Ina zargin mai gyaran rediyon nan na kan kwana, shi ne ba ya ganin noti ya ƙyale. Ina yaro na taɓa juya fanka irin haka, Kawu ya sa na kwance na sake, ya kuma hana ni tashi daga benci sai da na iya faɗin inda iska ke bi ido a rufe.

Gyaran ba wuya. A kwance notinan, a juya fankokin, a mayar. In kin yi wannan ki rubuto mini, sai in faɗa miki sauran.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanki, Dogo

*

Dogo,

Na amsa gaisuwarka. Jiki da sauƙi.

Babu wanda ya taɓa kwamfutar nan. Mai gyaran rediyo ko ƙofar shagon bai taka ba tun ranar da ya zo gaisuwa. Kawunka ne ya ɗaura fankokin nan, a kan idona. Ina zaune a kujerata yana durƙushe a ƙasa, in ya ɗaure noti ɗaya sai ya jingina da bango ya huta kafin ya kama wani. Na ce kawo in riƙe maka, ya ce a'a, nasa aikin ne.

To sai ka zaɓa mini, wanne ne a ciki? Bai san aiki ba, ko ba ya cikin hayyacinsa? Kai Dogo! Lallai wuyanka ya yi kauri. Mutumin da ya ɗauko ka ba ka san bambancin wayar wuta da igiyar shanya ba, yau shi ne bai san aiki ba? Hayyaci kuwa, bari in faɗa maka tunda ba ka nan. Ciwo ya ci namansa, ya ci ƙarfinsa, amma bai taɓa hankalinsa ba. Har ranar da muka tafi asibiti tafiyar ƙarshe, shi ke tuna mini lokacin shan maganina. 'Yan'uwansa sun yi ta raɗe-raɗin wai ya fara ruɗewa, don kawai ya ƙi sayar da shagon. Na haɗiye tasu, ban zaci zan karanta irinta da rubutun hannunka ba. Wallahi ta yi mini ciwo, sai da na ajiye takardar na shiga ɗaki.

Gwajin takardarka na yi. Ta ture ta. To sai me? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ba zan kwance notinan nan ba. Tufafinsa an raba, takalmansa an bayar, tabaraunsa ma wani ƙaninsa ya saka a aljihu ya tafi da shi. Abin da ya rage mini wanda hannunsa ya ɗaure kuma yake nan yadda ya bar shi, su ne notinan nan. Na cire murfin gefe, na kafa mata fankar ɗaki tana hura mata. Haka za mu lallaɓa.

Ka faɗa mini yadda ake sa bayos, shi na tambaye ka.

Gwaggonka

*

Ɗana Dogo,

Sallama da gaisuwa, da fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Direbanku ban sa shi a ido ba, na aika tasha an ce ba a gan shi ba. Wannan kuwa ta hannun wani mai tankar mai zan bayar, ko Allah zai sa ta kai. Ni dai gwiwa ta lafa, barci ne ya ƙi.

In fushi ka yi, to ka yi haƙuri. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka san bakina, Kawunka ya sha cewa da a ce ana sayar da shi da tuni an yi wuƙa da shi. Amma kada ka hukunta ni da shiru, gidan nan shirun da ke cikinsa ya isa.

Dabarar fankar ɗaki ba ta kai ni ko'ina ba. Ƙura kawai take tura mata. Shekaranjiya na kusa gama haɗa bidiyon, ana cikin rabon kyaututtuka, ta mutu, aikin wuni guda ya bi iska. Jiya shugabar makaranta ta zo da kanta. Mace ce mai kirki, ta zauna, ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce iyayen yara sun dame ta, in ba zan iya ba kada in ji nauyin faɗa mata. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. In aikin nan ya suɓuce, sauran masu kawo aiki za su bi bayansa, don dama ido suka zuba su ga ko shagon zai tsaya ba shi. 'Yan'uwansa kuwa har sun kawo wani ya leƙa kayan ta taga.

Na yi tunanin ko in ta ga ƙwaƙwalwarta duka, aikin zai yi mata sauƙi ta daina zafi. Yau da safe na kwance filash ɗin daga makulli na soka. Na tuna yadda yake danna maɓallin gogewa daidai lokacin da take tashi, na yi haka, wani shuɗin shafi ya buɗe. Na lalubo har wurin da take tambaya ko na tabbata. Yatsana yana kan maɓalli na tuna maganarka ta gawa, sai na zare hannuna.

Ina tsoro, Dogo. In na danna ta mutu, na kashe abin da ya bari. In ban danna ba, shago ya tafi. In ƙarshen mako ya zo ban ji daga gare ka ba, zan yi bismilla in danna.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina durƙushe nake rubuta wannan. Ya jiki, ya rashin barcin? Ni lafiya, ba fushi na yi ba, wane ni. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da gari, mota ba shiga ba fita. Wasiƙunki biyu yau suka iso tare, a hannun wani mai babur da ya zagayo ta daji. Na roƙi mai babur ɗin zai fita da wannan da sassafe, Allah ya sa ta riga ƙarshen mako.

Ki yafe mini. Wallahi ko a mafarki ban kawo Kawu ne ya ɗaura su ba, shi ya sa na saki baki. Da na karanta yadda yake jingina da bango yana hutawa, fita na yi bayan ɗakin janareta na yi kuka inda ba mai ji. Ban san dalilin da ya sa ya ɗaura su haka ba, kuma ba zan ƙara cewa komai a kai ba. Amma Gwaggo, shi ne ya koya mini cewa inji ba ya jin kunyar kowa. Da yana nan ya ga tana mutuwa a kan aikinki, kafin ki rufe baki ya ɗauko sukudireba. Don ki yi aiki da ita ya haɗa ta. Kada ki danna komai sai kin juya fankokin, don girman Allah.

Ga yadda za ki yi. Ki kashe ta, ki zare wayar daga bango, ki taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ki taɓa komai a ciki. Murfin gaba jawo shi ake yi daga ƙasa. Kowace fanka noti huɗu ne. Ki kwance ɗaya, ki juya ta yadda sandunan gicciyen da takardar kamfani za su kalli ciki, ki mayar, sannan ki kama ta biyun. 'Yar wayarta ki bar ta a inda take soke. Abu ɗaya zai ba ki wahala. Notin fanka shi ke yanka wa kansa hanya a cikin roba, ramukan ɗaya fuskar kuma sababbi ne, ba a taɓa shigar su ba. Za su yi tauri sosai, sai kin danna da ƙarfi kina murɗawa. Kada ki zaci kin ɓata wani abu. Ta baya kada ki taɓa ta. In kin gama ki mayar da murfin gefe, don sai akwati yana rufe iska ke bin hanyarta.

Ki kunna, ki sake gwajin takarda, ki bar ta ta yi aiki ki ga ta daina mutuwa. Sannan bayos. Ki duba lambar da ke rubuce a jikin bod, ki tabbata ita ce a sunan abin da ke cikin filash. Ki jona kwamfutar da akwatin batirin nan da ke ƙarƙashin teburin gyara, ko da za a ɗauke wuta. Ki shiga inda kika shiga rannan, ki amsa mata. Daga nan ki ɗauke hannunki. Sikirin zai yi baƙi, fankoki za su yi ihu kamar za su tashi sama, za ta mutu ta tashi da kanta, wataƙila fiye da sau ɗaya. Duk lafiya ce. Na san ki da kashe soket in abu ya yi ƙara, to wannan karon ki zauna a kan hannuwanki.

In ta dawo, ki nemi shafin fankoki a wannan shuɗin wuri, ki zaɓi su riƙa bin zafi, su yi sauri in ta ɗau zafi, su lafa in ta huce. Ki ajiye, ki fita.

Ina nan ina addu'a. Ki rubuto ko da layi ɗaya ne.

Ɗanki, Dogo

*

Ɗana Dogo,

Wa'alaikumus salam. Mai babur ya kawo, Allah ya yi masa albarka, ya yi maka. Na yafe maka duniya da lahira, ni ma ka yafe mini. Lafiyata lau.

Na yi. Na rufe ƙofar shago da hantsi don kada wani ya shigo ya same ni, na shimfiɗa tabarma, na ɗauko sukudirebansa mai jan mariƙi. Notin farko na daɗe ina kallonsa. Bai ma ɗauru sosai ba, Dogo, da ɗan murɗawa kaɗan ya saki. Ƙarfin da ya rage masa ke nan.

Na juya fankar, na gyara zama, na tattaro ƙarfina saboda taurin da ka faɗa. Noti ya shige sulub. Na ce ko na yi kuskure, na zare na ɗaga ta wajen haske. Ramukan ba sababbi ba ne. Duk an taɓa shigar su, ga zaren noti nan a yanke a cikin robar. Na duba ta biyun, haka. Ashe daidai ya fara ɗaura su, yadda ya koya maka. Daga baya ya kwance ya juya, kuma juyawar ce na gani rannan ina zaune a kujera, na zaci haɗawa yake yi. Na riƙe fankar a hannu na rasa gane kansa.

Sauran duk yadda ka faɗa. Takarda ta manne. Bayos kuwa, na zauna a kan hannuwana kamar yadda ka ce, ba wasa ba, da gaske na zauna. Da ta yi baƙi ta hau ihu, babu addu'ar da ban karanta ba. Ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, sannan ta buɗe ido. Ta ga ƙwaƙwalwarta duka. Bidiyo ya fita, mujalla ta fita, shugabar makaranta ta karɓa har ta ce za ta turo wata ƙawarta. Shago ya tsaya, ka gaya wa direba ya yaɗa, tunda ya iya.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ranar da na mayar da kwamfutar ƙarƙashin tebur na zauna zan fara aiki, can sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na duba ko ƙofa ce a buɗe, a rufe take. Na miƙa hannu gaban akwatin. Da, wata iska mai ɗumi ke fitowa ta nan tana sauka daidai kan ƙafar wanda ke zaune. Tun da na fara zama a kujerar nan take hura ni, ban taɓa lura ba sai da ta ɗauke.

Sanyi yake ji, Dogo. Likita ya taɓa faɗa mana cewa ciwon nan yana shanye jini, mai shi yakan ji sanyi ko ana rana tsaka. Na tambaye shi, ya ce shi ba ya ji. Ka san ni da jin zafi, fankar sama ba ta hutawa in ina shago. Nakan ce in kashe? Sai ya ce bar ta, ke da ke fama da hawan jini. Ya zauna a ƙarƙashinta wuni guda, ya tura ƙafafunsa jikin akwatin nan, ni kuma ina yi masa faɗa wai ya ƙi kwanciya ya huta, kwamfuta ta fi masa lafiyarsa. Shi da ciwo ya hana shi gyara, buga rubutu kawai yake yi da ita, bai san za a ɗora mata bidiyo ba. Mutumin da ba ya iya ɗaga buta, ya durƙusa ya kwance noti ya sake ɗaurewa, don dai kada ya ce mini in kashe fanka.

Da ya faɗa mini mana. Barguna suna nan cikin akwati a ninke, ko sau ɗaya bai tambaya ba. Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, rannan na yi shi, a ƙarƙashin tebur, ni da kwamfuta.

Yanzu tana nan sanyi ƙalau, ko motsinta ba ka ji, ta yi aiki tun safe har yamma ba ta gaji ba. Ka iya aikinka, shi ma ya iya nasa. In an gyara gada ka nemi izini ka zo, ko kwana biyu ne. Ba don inji ba, inji ya warke. Ni ce har yau in na zauna a kujerar nan ban san inda zan sa ƙafafuna ba.

Gwaggonka